Yadda Ake Sa Linux Ta Yi Magana da Aisin da Ke Gadin Wutar Allo

Allon na'urar zamani, ko na rauta ne ko na kwamfutar da ake ajiyewa a gindin eriyar sadarwa, ba wuta iri ɗaya yake ci ba. Wutar da ke shigo masa tana iya zama bolt 12, amma kafin ta isa ga firosesa sai an sassauke ta zuwa layuka daban-daban: bolt 3.3 ga ƙofofin shige da fice, bolt 1.8 ga wani sashe, bolt 1.0 ko ƙasa da haka ga zuciyar firosesan. Waɗannan layuka ba sa tashi lokaci guda, kowanne yana da wanda zai jira, kuma idan ɗaya ya yi sama ko ya yi ƙasa fiye da ƙima dole a samu wanda zai kashe sauran kafin wani abu ya ƙone. Mai wannan aiki wani ƙaramin aisi ne (IC, wato ƙwayar lantarki mai ƙafafu da ake liƙawa a allo) da ake iya shimfiɗa wa dokoki a ajiye su a cikinsa, wanda a wurin aikinmu da ke kusa da Farin Gada a Jos muke kira mai gadi. Kamfanin Texas Instruments yana da UCD9090 mai lura da layuka 10 da UCD90160 mai lura da 16, Analog Devices kuma yana da ADM1266 da LTC2978 da MAX16065, tun da ya sayi Linear Technology a 2017 da Maxim a 2021.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a san matsayin kowa. Mai gadi yana gama tayar da layuka tun Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da allon, ba ta farka ba, kuma idan wuta ta ɓaci shi ne ke yanke hukunci nan take ba tare da ya nemi izinin kowace manhaja ba. Direba, wato manhajar da ke tsakanin Linux da aisin, aikinsa ya karanto abin da mai gadi ya gani ya ajiye shi inda sauran manhajoji za su same shi. Duk wanda ya ɗauka direba ne ke kare allo zai yi ta neman gyara a inda babu ɓarna. Don haka tsarin da zan bi a nan shi ne a fara daga waya a haura zuwa manhaja, a tabbatar da kowane hawa kafin a taka na gaba, kuma a yi ta karantawa ba a rubuta wa aisin komai ba sai an kai ƙarshe. Zan yi misali da UCD9090 a kan layin I2C mai lamba 1, wato wayoyi biyun da firosesa ke magana da aisin ta kansu, a adireshin 0x41 (alamar 0x tana nuna cewa lambar a lissafin goma sha shida aka rubuta ta).

Takarda da mita

Mataki na farko ba ya bukatar kwamfuta. Ka samo takardar bayanin aisin da zanen allon, ka gano abu uku: yaren da aisin yake magana da shi, adireshinsa, da kuma wane layin wuta ne ke shiga wace ƙafa. Yawancin masu gadin zamani suna amfani da PMBus, ƙa'idar da ta fito a 2005, wadda aka gina a kan SMBus, ita kuma daga I2C ta samo asali, wanda Philips ya ƙirƙiro a 1982. Amma ba dukkansu ba ne. MAX16065 yana da rajistocinsa na kansa, wato guraben da ake karanta bayanai daga cikinsu, shi ya sa a cikin fayilolin Linux direbansa yake zaune a drivers/hwmon kai tsaye, alhali na UCD9090 da ADM1266 da LTC2978 suna cikin drivers/hwmon/pmbus.

Batun adireshi ne ya fi kayar da masu koyo. Adireshin I2C bit 7 ne, amma wasu takardu da zanen alluna suna rubuta shi da bit 8, sun haɗa da bit ɗin da ke nuna karatu ko rubutu. Wani yaro da ke koyon aiki a wurinmu ya ga 0x82 a zanen allo, ya kwafe shi yadda yake, ya yini yana fama, da la'asar ya zo ya ce, "Maigida, aisin nan fa ya mutu." Na ce ya raba lambar biyu. Rabin 0x82 shi ne 0x41, kuma nan take aisin ya amsa. Linux adireshin bit 7 take karɓa, ba na bit 8 ba, duk lambar da ta wuce 0x7f kuwa ka san ba a raba ta ba. A UCD9090 resistoci ne da ke kan ƙafafun adireshi guda biyu suke tsayar da lambar, saboda haka idan wani ya taɓa gyara allon ya sa resistan da ba daidai ba, aisin zai koma wani adireshi dabam ba tare da ya sanar da kowa ba.

Sannan ka kunna allon ka ɗauki mita. Ka auna kowane layin wuta ka rubuta sakamakon a takarda, domin da waɗannan lambobi za ka gwada gaskiyar duk abin da manhaja za ta faɗa maka daga baya. Ka auna wayoyin I2C ɗin ma, wato SDA ta saƙo da SCL ta agogo. Idan babu maganar da ke tafiya a kansu, ya kamata duka biyun su tsaya a sama, kusa da bolt 3.3, saboda resistocin da ke jan su sama, waɗanda galibi ba sa wuce kilo-om 2.2 zuwa 4.7. Idan ɗaya ta kwanta a sifili, to ko resista babu, ko dalma ta haɗe wani wuri, ko wata na'ura ta riƙe layin ta ƙi saki, kuma babu direban da zai warware wannan. A lokacin hunturu, da iskar Jos ke bushewa har riga tana tartsatsi idan an cire ta, ka ɗaura igiyar sauke caji a hannu kafin ka kai yatsa kusa da ƙafafun aisin.

Gaisawa da aisin ba tare da direba ba

Yanzu ka shiga Linux ɗin allon, ka tabbata akwai kayan aikin i2c-tools, ka loda modul ɗin, wato guntun manhajar da ake ɗora wa Linux, da ke buɗe layin ga mai amfani, ka ga layukan da ake da su.

modprobe i2c-dev
i2cdetect -l
i2cdetect -F 1
i2cdetect -y -r 1

Umarni na uku mutane da yawa suna tsallake shi, alhali yana ceton kwanaki. Yana nuna irin maganganun da mai sarrafa I2C na firosesan zai iya yi. Direban ucd9000, wanda shi ne na UCD9090, yana bukatar karatun SMBus na dunƙule, wanda a cikinsa aisin ne ke fara faɗin yawan bayit ɗin da zai aiko, kuma akwai ƙananan kwamfutocin allo guda da mai sarrafa I2C ɗinsu bai iya wannan ba. A irin wannan hali direban zai ƙi ɗaurewa, sau da yawa ba tare da wani dogon bayani ba. Mafita ita ce a koma direban i2c-gpio, wanda ke kaɗa ƙafafu biyu na gama-gari da manhaja. Ya fi jinkiri, amma yana iya karatun dunƙule, kuma yana haƙuri da aisin da ke riƙe agogo a ƙasa don neman ƙarin lokaci. Umarni na huɗu zai zana jadawalin adireshi. Idan ka ga 41, aisin yana raye. Idan ka ga UU a wurin, wani direba ya riga ya kama adireshin, sai ka sauke shi tukuna. Wannan lalube ka yi shi a kan teburin gwaji, kada ka yi shi a na'urar da ke bakin aiki, domin akwai na'urorin da ke ruɗewa da shi.

Daga nan sai ka yi wa aisin tambayoyi da hannu. PMBus tana tsara layukan wuta a matsayin shafuka, umarnin 0x00 ne ke zaɓar shafi, kuma duk abin da ka tambaya bayan haka a kan wannan shafin za a ba ka amsa.

i2cget -y 1 0x41 0x98
i2cset -y 1 0x41 0x00 0x00
i2cget -y 1 0x41 0x20
i2cget -y 1 0x41 0x8b w

Na farko yana tambayar zubin PMBus da aisin ke bi: 0x11 na nufin 1.1, 0x22 na nufin 1.2, 0x33 kuma 1.3. Na biyu ya zaɓi shafi na sifili, kuma shi kaɗai ne rubutun da na yarda a yi a wannan mataki. Na uku ya karanto VOUT_MODE, na huɗu kuma READ_VOUT, wato ƙarfin wutar layin.

A nan ya kamata a zauna a yi lissafi da biro, domin wanda ya yi shi sau ɗaya ba zai ƙara tsoron waɗannan lambobi ba. A ce VOUT_MODE ya dawo da 0x14, READ_VOUT kuma ya dawo da 0x34cd. Bit uku na saman VOUT_MODE suna faɗin salon lissafi, kuma idan dukkansu sifili ne salon miƙaƙƙe ake nufi. Bit biyar na ƙasa kuwa lamba ce mai alama. A 0x14 su ne 10100, wato 20, kuma tunda bit na sama a kunne yake sai a cire 32, a samu -12. Ma'anar haka ita ce a raba karatun da 2 da aka ninka sau 12, wato 4096. Lambar 0x34cd a lissafin yau da kullum 13517 ce, kuma idan aka raba ta da 4096 za a samu bolt 3.3. Da a ce VOUT_MODE 0x13 ne, kamar yadda yake a LTC2978, da 8192 za a raba, kuma bolt 3.3 ɗin zai bayyana a matsayin 0x699a. Karatun zafi da na yawan wutar da ake ja suna bin wani salo dabam, inda ake cusa duka lambobin biyu a cikin bit 16 ɗin: biyar na sama su ne na ninkawa, goma sha ɗaya na ƙasa su ne ainihin karatun.

Ka kwatanta sakamakon da abin da mita ta ba ka. Idan sun yi kusa, madalla. Idan aisin ya ce rabin abin da mita ta ce, ko ninkinsa, ka duba VOUT_SCALE_MONITOR a 0x2a. Ma'aunin cikin UCD9090 mai bit 12 ne kuma iyakarsa bolt 2.5, don haka duk layin da ya fi haka sai an rage shi da resistoci biyu kafin ya shiga ƙafar aisin, kuma dole a faɗa wa aisin da nawa aka rage. Kuskure a nan na shirin aisin ne, ba na Linux ba.

Ka karanta shaida kafin direba ya share ta

Wannan shi ne wurin da na fi so mai karatu ya tsaya, domin ni kaina a nan na taɓa yin asarar kwana biyu. An kawo mana wani allo daga Bukuru wanda ke sake tashi da kansa duk lokacin da aka juya daga wutar gari zuwa janareta. Mai gadinsa yana da ɗan layin wutarsa da ba ya ɗaukewa, saboda haka dalilin kashewar yana nan a rajistocinsa bayan kowace faɗuwa. Na yi gaggawa na loda direba don in ga komai a tsare, sai na tarar da duk ƙararrawa a sifili, kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, zuciyar PMBus ta Linux tana aika umarnin CLEAR_FAULTS, lamba 0x03, a daidai lokacin da take ɗaure aisin. Da hannuna na share shaidar. Sai da muka hana modul ɗin lodawa, muka jira matsalar ta sake dawowa, kafin muka ga cewa layin bolt 1.8 ne ke nutsewa, kuma kafasitan da ke bakin shigar bolt 12 ne ya kumbura.

Saboda haka, idan allon da ke gabanka mai laifi ne, ka karanta STATUS_WORD a 0x79 da STATUS_VOUT a 0x7a na kowane shafi, ka rubuta su, kafin ka bar direba ya kusance shi. A STATUS_WORD, bit na 15 yana nuna akwai magana a kan ƙarfin wutar layin, na 11 yana nuna wutar ba ta kai matsayin lafiya ba, na 6 yana nuna layin a kashe yake, na 1 kuma yana nuna matsalar sadarwa ko umarnin da aisin bai gane ba. A STATUS_VOUT, 0x80 hawa ne fiye da iyaka, 0x10 faɗuwa ce ƙasa da iyaka, 0x04 kuma yana nufin layin bai tashi cikin lokacin da aka ɗibar masa ba. Idan allon yana tashi da U-Boot, manhajar da ke tayar da Linux, kana iya tsayar da shi a can ka yi karatun da umarnin i2c md tun Linux ba ta fara ba, sai dai a nan bayit na ƙasa ne ke fara fitowa. Manyan masu gadi suna kuma ajiye tarihin laifuka a ma'adanar da ba ta gogewa idan wuta ta ɗauke, kuma direban adm1266 yana fito da nasa tarihin ta hanyar nvmem, sashen Linux na irin wannan ma'adana.

Ɗaure direba

Idan an wuce waɗancan, wannan mataki ba shi da wahala. A shirin kanel, wato jigon Linux, ka kunna CONFIG_HWMON da CONFIG_PMBUS da CONFIG_SENSORS_UCD9000. Tsarin PMBus ya shiga Linux tun 2011, aikin Guenter Roeck ne, wanda ke kula da hwmon, sashen lura da wuta da zafin na'ura, don haka kusan kowace kanel da za ka samu a yau tana da shi, sai dai mai haɗa allon bai kunna ba. Don gwaji na wucin gadi, layi ɗaya ya isa:

echo ucd9090 0x41 > /sys/bus/i2c/devices/i2c-1/new_device

Don abin ya ɗore, a allunan ARM sai a rubuta shi a bishiyar na'urori (device tree), fayil ɗin da ke faɗa wa Linux abin da ke kan allo, a ƙarƙashin mai sarrafa I2C ɗin da ya dace:

sequencer@41 {
    compatible = "ti,ucd9090";
    reg = <0x41>;
};

Bayan haka ka karanta saƙonnin kanel da umarnin dmesg da natsuwa. Lambar kuskure tana nuna inda za a duba: -6 da -121 suna nufin babu wanda ya amsa a adireshin, -110 na nufin lokaci ya ƙare ana jira, wanda galibi matsalar waya ce ko ta riƙe agogo, -74 na nufin lambar tantance saƙo ba ta dace ba, wato akwai hayaniya a layin, -16 kuma na nufin wani ya riga ya kama adireshin. Idan gudun layin kilohaz 400 ne kuma kurakuran suna zuwa jefi-jefi, ka sauke shi zuwa 100 ka sake gwadawa. Akwai kuma wani saƙo na musamman da direban ucd9000 ke bayarwa, cewa ba a shirya shafi ko ɗaya ba. Direban yana tambayar aisin yawan shafukansa a 0xd6 da tsarin ƙafafun awonsa a 0xd5, saboda haka sabon aisi da aka ciro daga leda aka liƙa a allo ba zai ɗauru ba sai an zuba masa shirinsa da manhajar kamfanin, Fusion Digital Power Designer. Mai gyaran da ya canja ƙonannen mai gadi da sabo ya tsaya nan, rabin aikin kawai ya yi.

Da zarar ya ɗauru, za ka sami fayiloli a /sys/bus/i2c/devices/1-0041/hwmon. Ka saba bin wannan hanya maimakon dogaro da lambar hwmon0 ko hwmon1, domin lambar tana iya canjawa daga tashi zuwa tashi. Fayil ɗin in1_input yana ba da ƙarfin wuta da milibolt, wato 3300 na nufin bolt 3.3. Na curr1_input da mili'amfiya yake, temp1_input kuma kashi dubu na digiri ne, ta yadda 41000 ke nufin digiri 41. Iyakokin gargaɗi suna in1_min da in1_max, iyakokin da ake ɗauka laifi ne kuma suna in1_lcrit da in1_crit, kowanne da fayil ɗin ƙararrawarsa. Sunayen da direba ke bayarwa, vout1 da vout2, ba sa gaya wa mai gyara komai da tsakar dare, don haka ka rubuta ƙaramin fayil a /etc/sensors.d ka raɗa wa kowane layi sunan da ke jikin zanen allon, yadda umarnin sensors zai riƙa nuna su.

Abu biyu ne ke ruɗa mutane a wannan gaɓa. Na ɗaya, direba yana tuna shafin da ya zaɓa na ƙarshe don kada ya riƙa maimaita umarnin. Idan ka tilasta i2cset ya canja shafi a bayan idonsa, zai karanto layin bolt 1.0 ya kawo maka shi da sunan na bolt 3.3, kai kuma ka tashi neman laifin da babu shi. Muddin direba yana ɗaure, kada wani ya ƙara yi wa aisin magana ta gefe. Na biyu, karanta fayil ɗin ƙararrawa yana share alamar idan dalilinta ya riga ya wuce, saboda haka idan manhajoji biyu suna leƙa fayil ɗaya, wadda ta riga ita ce za ta gani. Ka ba manhaja ɗaya wannan aiki, ita kuma ta rubuta abin da ta gani da lokacinsa.

Idan aisin ba shi da direba

Ka fara gwada direban gama-gari mai suna pmbus, wanda CONFIG_SENSORS_PMBUS ke kunnawa. Yana lalubar rajistocin ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya ya ga waɗanda suka amsa, kuma ga aisin da ke bin ƙa'ida sau da ƙafa hakan ya wadatar. Idan ya gaza, ko ya kawo lambobin da ba su dace da mita ba, sai ka rubuta naka, kuma aikin bai kai yadda ake tsoronsa ba, domin zuciyar PMBus ta ɗauke mafi yawan nauyin. Ka ɗauki gajeren direba daga drivers/hwmon/pmbus na kanel ɗin da kake aiki da ita a matsayin abin koyi, ba na wata kanel ba, domin siffar wasu kiraye-kirayen ta sha canjawa.

Abin da za ka cike shi ne tsarin pmbus_driver_info. A cikinsa za ka faɗi yawan shafuka, da salon lissafin kowane irin awo, da abin da kowane shafi ke iya aunawa, misali PMBUS_HAVE_VOUT haɗe da PMBUS_HAVE_STATUS_VOUT. Idan aisin yana amfani da salon kai-tsaye, za ka kwafo lambobi uku daga takardarsa, m da b da R, kuma a nan ne ake yawan kuskuren alama, don haka ka gwada da biro kamar yadda aka yi a sama. Sannan aikin ɗaurewa ya tabbatar da cewa aisin da ke wurin shi ne ake nufi, ta hanyar karanta MFR_ID a 0x99 da MFR_MODEL a 0x9a ko rajistar shaidar da kamfanin ya tanada, kafin ya miƙa komai ga pmbus_do_probe. Inda aisin ya kauce wa ƙa'ida, sai ka rubuta read_word_data naka ya fassara waɗannan rajistoci kaɗai, ya mayar da -ENODATA ga sauran don zuciyar ta ci gaba da su, ko -ENXIO ga rajistar da babu ita sam. Modul ɗin dole ya kasance ƙarƙashin lasisin GPL kuma ya shigo da rukunin sunaye na PMBUS, in ba haka ba zai ƙi loduwa. Ka ƙara shi a Kconfig da Makefile, ka rubuta bayaninsa a Documentation/hwmon, ka bi shi da scripts/checkpatch.pl. Shawarata ita ce zubin farko ya tsaya ga karatu kawai, a bar batun kunna layuka da kashe su sai lambobin sun yi mako guda suna dacewa da mita.

Gwaji, da rubutu na ƙarshe

Direban da bai taɓa ganin laifi ba, ba a san ko yana gani ba. Ka ciyar da allon daga na'urar ba da wuta ta tebur wadda ake iya murɗawa, ka sa mata iyakar abin da za a ja, ka riƙa sauke bolt 12 ɗin sannu a hankali kana kallon fayilolin. Ya kamata ka ga ƙararrawar gargaɗi ta tashi kafin mai gadi ya kashe layuka. Idan kashewar ta riga gargaɗin, iyakokin sun matsu da juna. Idan kuma firosesan ya ruɗe tun mai gadi bai motsa ba, iyakar ƙasa ta yi nisa, kuma takardar firosesan ce za ta faɗi inda ya kamata ta tsaya. Wata hanya mai sauƙi ta gwada ƙararrawa kaɗai ita ce ka ɗaga in1_min ya ɗan wuce karatun yanzu, ka ga alamar ta tashi, ka mayar da shi. Kada ka yi wannan wasa da in1_lcrit ko in1_crit a allon da ke aiki, domin idan an shirya aisin ya kashe wuta a kan laifi zai kashe kwamfutar da kake rubutu a cikinta.

Duk iyakar da ka rubuta ta waɗannan fayiloli tana zama ne a ma'adanar wucin gadi ta aisin, kuma tana gushewa idan wutarsa ta ɗauke. Mayar da ita ta dindindin sai da umarnin STORE_DEFAULT_ALL, lamba 0x11, wanda fayilolin hwmon ba sa aikawa. Kafin ka aika shi, ka sauke direba, ka kwashe shirin da ke cikin aisin da manhajar kamfanin ka ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, ka rubuta lambar allon da kwanan wata a sunan fayil ɗin. Sannan ka tabbata teburin yana kan inbata ko batir mai cikakken caji, ba kan wutar gari ba, kuma ba a lokacin da hadari ya haɗo ana walƙiya ba, domin idan wuta ta yanke aisin yana tsakiyar rubutu, shirin zai lalace, layukan ba za su tashi ba, Linux ma ba za ta tashi ba balle ka gyara daga ciki, sai dai ka nemo adaftar kamfanin ka zuba shirin daga waje. Bayan ka aika umarnin ka ba shi 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ka yi masa wata magana ba, ka cire wutar allon gaba ɗaya har kafasitoci su huce, ka mayar, ka sake karanta iyakokin kowane shafi daga 0x40 zuwa 0x44, ka kwatanta su da abin da ke takardarka.